Fulogin Yaya Ya Yi Baƙi

A bakin ruwa, inda jiragen fito suke ɗaure kafaɗa da kafaɗa, akwai wata rumfar kwano mai ƙafa huɗu, ɗaya ƙafar ma da dutse aka tokare ta. A nan Auta yake wuni. Shekarunsa hamsin da huɗu, furfura ta ci rabin gemunsa, yana da jikoki uku, amma har yau Auta ake ce masa. Wansa ne ya laƙaba masa tun yana rarrafe, kuma abin da wan nan ya faɗa a bakin ruwan nan ba a cika yi masa gyara ba.

Auta bakanike ne na injin jirgi, irin wanda ake maƙalawa a bayan jirgi a ja igiya ya tashi. Yana kwance kafireta, yana canja farfela, yana haɗa wayar da ɓera ya ci. Amma da fulogi ya yi suna. Ɗan abu ne da bai fi yatsa tsawo ba, shi ke ba da tartsatsin da ke kunna mai a cikin inji. In kuwa ya yi fushi, to ka yi ta jan igiya har kafaɗarka ta goce, injin ba zai ko yi tari ba.

Kowane bakanike ya iya wanke fulogi. Shi Auta ba ya wankewa sai ya karanta tukuna. Yana da wani tsohon farin faranti da gefensa duk ya ɓamɓare. In ya sa sifana ya kwance fulogi, sai ya ɗora shi a farantin ya miƙa wa mai injin har gaban hanci.

"Duba da idonka," in ji shi. "Kada gobe ka ce Auta ya yi maka ƙazafi."

In bakin fulogin ya yi ruwan ƙasa, a bushe, to lafiya lau, mai injin ya san abin da yake yi. In ya yi fari fat, injin na shan zafi, ana yi masa rowar mai. In ya yi baƙi yana naso, ko an cika baƙin mai a fetur, ko kuma ana jan jirgi a hankali tsawon lokaci, wutar ba ta yin ƙarfin da za ta ƙone dattin. Akwai wani direba, Dogo, da ya rantse har da dafa ƙirji cewa babu hannun da ya taɓa injinsa sai nasa. Auta ya dubi farantin ya ce, "To, aljanin da ya hau shi jiya bai iya haɗa mai ba." Ashe surukin Dogo ne ya saci jiki ya tafi kamun kifi da shi. Tun daga ranar ake cewa in kana da abin ɓoyewa, ka kai injinka wani wuri.

Sai an gama karatun ake wanki. Ya tsoma fulogin a gwangwanin fetur, ya bi shi da buroshin ƙarfe, ya ninke 'yar samfefa ya zura a tsakanin bakin ya goga, ya hura, ya gwada ratar da wata 'yar reza da ta fi wasu direbobin shekaru. Daga nan ya jingina shi a jikin injin ya ja igiya. In tartsatsin ya fito shuɗi yana ƙas-ƙas, sai ka ga murmushi ya suɓuce masa, kai ka ce an yi masa albishir da haihuwa. Shekara talatin da biyar yana wannan aikin, murmushin bai tsufa ba.

Wan nasa kuwa direban fito ne, mutane suna ce masa Guguwa, Auta kaɗai ke ce masa Yaya. Ya girme shi da shekara goma sha ɗaya. Iyayensu sun rasu Auta yana ɗan shekara shida, Yaya ne ya riƙe shi da kuɗin tuƙin kwalekwale, tun kafin inji ya zo bakin ruwan. Shi ya yi masa aski, shi ya cire masa ƙaya, shi ya ja hannunsa ya kai shi wurin koyon gyara ya ce, "Ni ruwa ya riga ya cinye ni. Kai ka zauna a tudu." Shi ya nema masa aure. Auta bai taɓa zama a kujera Yaya yana tsaye ba, bai taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, kuma kalmar a'a ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba.

Ba a banza ake ce masa Guguwa ba. Tsallaken da wasu ke yi a rabin awa, shi minti ashirin ya ishe shi, kuma bai taɓa jiƙa wa fasinja kaya ba. Ya san inda yashi ke kwance, ya san inda kututture ke laɓe a ƙarƙashin ruwa. Fuloginsa kuwa shi ne abin kwatancen Auta. In yana yi wa wani direba faɗa, sai ya ce, "Je ka ga na Yaya. Wata shida, ruwan ƙasa, ko buroshi ba ya so."

To, a tsakiyar daminar da ta wuce, fulogin Yaya ya yi baƙi.

Auta ya wanke, bai kawo komai a ransa ba. Bayan kwana biyar ya sake yin baƙi. Ya sa sababbi fil, su ma ba su yi mako ba. A lokacin fasinjoji sun fara guna-guni, don jirgin Guguwa ya koma tafiyar tsohuwa, tsallake ɗaya sai ya ci kusan awa. In an yi magana sai Yaya ya daki murfin injin ya ce, "Ba ya ja! Ku tambayi Auta, shi ne bakanike."

Auta ya sauke injin ya kai rumfa. Ya kwance kafireta ya wanke ta lungu-lungu. Ya auna man da hannunsa, ya duba wayoyi, ya duba duk abin da ake dubawa har da wanda ba a dubawa. Sannan ya maƙala injin a gangar ruwan da yake gwaji ya ba shi wuta. Injin ya yi ruri har kwanon rumfar na rawa, ruwa na tsalle yana zuba a ƙasa. Lafiyarsa ƙalau. Auta ya kashe shi ya zauna a kan benci, ya daɗe yana kallon ruwan gangar yana lafawa. Kowa ya ɗauka baƙin fulogi ne ke sa jirgin tafiya a hankali. Shi kaɗai ya gane tafiya a hankalin ce ke baƙanta fulogin. Yaya ne da kansa yake ƙin ba shi wuta.

Bai daɗe yana neman dalili ba. Washegari da ya miƙa farantin, sai ya lura Yaya bai duba ba. Ya laluba ya ɗauki fulogin, ya murza bakinsa da babban yatsa, ya kai hanci ya shinshina, sannan ya ce, "Ka ga ni? Ya sake yi." Daga nan sai abubuwa suka riƙa faɗo wa Auta ɗaya bayan ɗaya. Yaya da ke hango mutum tun daga kan gangare ya ƙwala masa kira da sunansa, yanzu sai an yi masa sallama ya ji murya yake amsawa. Ya daina zuba shayi da kansa. Ya koma dafa gefen jirgi kafin ya taka. Idon Yaya ne ke tafiya, kuma Yaya ya sani.

Abin da Auta ya yi bayan nan ba wayo ba ne, kuma ba za a ce ya kyauta ba, amma duk wanda wansa ya goya zai gane shi. Ya yi shiru, ya ɗauki laifin ya aza wa kansa. Duk bayan kwana huɗu Yaya zai ɗaga murya a gaban jama'a ya ce, "Auta, wai aikin naka ya lalace ne?" Auta ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yi haƙuri, Yaya, har yanzu ban gano kansa ba." Sai ya tsuguna ya wanke fulogin da ya san jibi zai sake yin baƙi. Kowannensu yana rufa wa ɗan'uwansa asiri da ƙarya ɗaya.

Bakin ruwa kuwa ba a raga wa kowa. Dogo, da dama yake jin haushinsa, ya fara cewa, "Farantin ya daina magana ne, Auta? Ko batirinsa ya mutu?" Wasu suka kwashe injinansu suka kai wa wani sabon bakanike da ya buɗe rumfa a can sama, mai na'ura mai ƙyalƙyali. Abin ya yi wa Auta ciwo ƙwarai, don ba shi da gona, ba shi da jirgi, sunan nan na iya aiki shi ne duk abin da ya tara. Amma ya gwammace a ce Auta ya tsufa da a ce Guguwa ya makance.

Matarsa ce ta fara tsinka zancen. Mace ce mai ɗinki, ba ta da yawan magana, amma in ta yi ba ta kwana-kwana. Shekara talatin tana wanke masa kayan aiki, ta san warin damuwa in ya shigo da shi. Wata rana da yamma ya zauna a tsakar gida yana juya cokali a kwano, ta tsayar da keken ɗinkin ta dube shi.

"Maigida, ba injin ba ne, ko?"

Ya ci gaba da juya cokalin.

"Na gan shi ranar da ya zo duba jikan nan. Ya miƙa wa labule hannu yana gaishe shi."

"To ya kike so in yi? In je in ce masa, Yaya, sauka? Ni? Da wane bakin?"

"Da bakin nan da shi ya ciyar," in ji ta. "Kana jin nauyin mutum ɗaya, mutum talatin kuma suna zaune a jirginsa da goyo a baya. Kuma na tambaya. Akwai asibitin ido a tsallake. In yanar ido ce, cirewa suke yi, mutane da yawa suna komawa suna gani."

"In kuma ba yana ba ce?"

"To gara ya ji a tudu."

Auta ya san gaskiya ta faɗa, shi ya sa ma ya ji haushinta. Ya tashi bai gama cin abincin ba. Ya ce a ransa sai mako mai zuwa. Mako mai zuwa ya zo, ya ce sai wanda ke biye.

Ana nan ruwa ya fara ja baya. Yashi ya fara ɗago kai a tsakiya, kututturan da suka yi wata biyar a ɓoye suka fara leƙowa. Wata safiya, rana ta fito sarai, babu hazo babu komai, Auta yana tsaye a bakin rumfa sai ya hango jirgin Yaya yana dawowa cike da 'yan kasuwa. Wani masunci ya gitta ɗan kwalekwalensa yana jan taru, a fili, ko yaro zai gan shi. Jirgin Yaya ya nufi masuncin kai tsaye, a hankali, ba ya karkata. Auta ya buɗe baki zai yi ihu, sai aka riga shi. Wata mata mai goyo ce ta ƙwalla ƙara daga cikin jirgin, sai Yaya ya fizge sitiyarin. Jirgin ya goga gefen kwalekwalen ya wuce, kwandon kifin ya kife a ruwa, masuncin ya bi su da zagi.

Da suka iso Yaya yana dariya yana cewa, "Ai na gan shi, tsoro kawai na ba shi." Wasu suka taya shi dariyar. Matar nan ba ta yi ba. Ta sauko da goyon ta rungume a ƙirji, ta hau gangare ba ta waiwaya ba. Auta ya je ya kama igiya ya ɗaure jirgin.

Ya jira har fasinjojin suka watse, direbobi suka koma inuwa. Yaya yana zaune shi kaɗai a bayan jirgi.

"Auta ne? Zo ka wanke mini, ya sake fara shaƙewa."

Auta ya shiga jirgin da sifana. Ya cire murfi, ya zare hular fulogi, ya kwance na sama, ya kwance na ƙasa. Suna da zafi, baƙi ƙirin. Bai zo da buroshi ba. Ya naɗe su a tsumma ya sa a aljihu, ya mayar da murfin, ya tsuguna a gaban wansa.

"Ban ji kana gogawa ba," in ji Yaya.

"Ba zan mayar ba, Yaya."

"Me ka ce?"

"Na ce ba zan mayar ba." Muryarsa tana rawa kamar ta ɗan shekara shida. "Injin nan lafiyarsa ƙalau. Ka sani, na sani."

Yaya ya miƙe zaune. Ya san shagon da ake sayar da fulogi bai fi taku hamsin ba, ya san zai iya aika kowa ya sayo, ya ɗaura da hannunsa. Auta ma ya sani. Ya sunkuyar da kai yana jiran tsawa, ko mari ma, don ya shirya wa duka biyun. Ruwa yana ta bugun cikin jirgin. Can wani direba yana jan igiya, injinsa ya tashi ya mutu, ya tashi ya mutu.

"Tun yaushe?" in ji Yaya a hankali.

"Tun tsakiyar damina."

"Shi ne ka tsaya ina ci maka mutunci a gaban Dogo?"

"Ai kai ne, Yaya."

"Sakarai," in ji Yaya. Ya sake cewa, "Sakarai," amma wannan karon kalmar ta karye a tsakiya. Ya miƙa hannu yana lalube, ya sami kan Auta, ya ture hular, ya dafa. "Ni ma na san ka sani. Kullum in na daka maka tsawa sai in koma gida in kasa cin abinci. Ina jira ka yi magana, ina kuma roƙon Allah kada ka yi."

Auta ya ƙara sunkuyar da kai. Hawaye suna bin gemunsa suna ɗiga a kan sifanar.

"Ba wuƙar likita nake tsoro ba," in ji Yaya. "Tun ina ɗan shekara goma sha biyu nake kan ruwan nan. In na sauka, ban san wane ne zai hau gangaren can ba. Ban san shi ba, Auta." Yatsunsa suna bin goshin ƙaninsa. "Rabona da in ga fuskarka sosai an fi wata takwas. Ashe har ka yi sanƙo ban sani ba."

Auta ya yi dariya cikin kuka. "Ya daɗe, Yaya. Tun kana gani."

"To ka ɓoye shi da kyau."

Washegari da hantsi Auta ya rufe rumfa, abin da bai taɓa yi ba in ba rasuwa aka yi ba. Ya ɗaura sababbin fulogi biyu. Direbobi suna zaune a inuwa suna kallo, don labari ya riga ya zaga. Dogo ne ya taso, ya kwance musu igiya, ya riƙe jirgin da hannu biyu har Yaya ya taka. Sannan ya cire hularsa ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Guguwa." Ya dubi Auta kamar zai ƙara wani abu, sai kawai ya tura jirgin.

Yaya ya laluba ya nufi mazauninsa na baya, ya tsaya, sannan ya juya ya zauna a bencin fasinja. Ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya ɗora su a gwiwa, ya sauke, ya sake ɗorawa. Auta ya ja igiya sau ɗaya, injin ya tashi. Ya iya tuƙi daidai na gwaji, amma bai taɓa riƙe sitiyari Yaya yana cikin jirgi ba, sai ya ji kamar ya sa rigar da ba tasa ba.

Suka fita. Yaya ya karkata kai yana saurare. "Yi dama kaɗan, akwai yashi a nan." Akwai kuwa. "Yanzu miƙe. Za ka ji ruwan ya yi nauyi, kada ka ji tsoro." Ruwan ya yi nauyi daidai inda ya ce. Iska tana kaɗa masa riga, fuskarsa ta ɗan saki.

Da suka kai tsakiya ya ɗaga hannu ya nuna gaba. "To, ga busasshiyar bishiyar nan da ke tsaye a ruwa. Ka bar ta a hagu, ka ba ta wuri sosai, tana da saiwa."

Auta ya duba. Babu komai sai ruwa shimfiɗe, rana na wasa a kai.

"Yaya, babu ita. Ambaliyar bana ta tafi da ita."

Hannun Yaya ya tsaya a sama. "Yaushe?"

"An yi wata uku."

Ya sauke hannun a hankali ya mayar kan gwiwa. "Wata uku," in ji shi. "Kullum sai na kauce mata. Sau shida a rana. Har sannu nake ce mata in zan wuce."

Auta ya rage wuta. Wurin yana matsowa, fili fetal, jirgi goma ma sai su wuce a jere. Ya dubi bayan wansa, ya ga yadda kafaɗun suka rankwafa a kan bencin da ba nasu ba. Sai ya tura sitiyarin, jirgin ya karkata dama, ya yi doguwar kwana ya zagaye wurin da babu komai, ya ba shi wuri sosai.

Yaya ya ji karkatar a jikinsa. Bai juyo ba. Ya ɗan ɗaga yatsu biyu wajen hagu, leɓunansa suka motsa, sannan ya sa gefen rigarsa ya goge ido.

"Miƙe yanzu, Auta," in ji shi. "Daga nan babu komai har tsallake."